Yadda ake gyara karyayyiyar ƙafar fulot a kafiretar tsohon babur

Duk mai tsohon babur ya san wannan cutar. Ka jingine shi a zaure da daddare, gari ya waye ka tarar ƙarƙashinsa ya jiƙe, gida ya gauraye da warin fetur. Makanikai na kiranta obafulo. A da ko a jikin mutum, sai ya goge ya kama gabansa, amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowane ɗigo sai ka ji shi a aljihu.

Garin neman maganin obafulo ne na jawo wa kaina aiki. Babur ɗin Honda CG125 ne na mahaifinmu, wanda ya yi shekaru yana kai shi aiki daga Tudun Wada zuwa Samaru a Zariya. Na kwance kafireta, wato abin da ke haɗa mai da iska ya aika wa inji, na ga ɗan siririn fil ɗin da ke riƙe da fulot ya cije, na ɗauko ƙusa da guduma. Bugu na uku na ji ƙas! Ƙafa ɗaya daga cikin biyun da fil ke ratsawa ta ɓalle ta faɗa cikin tire. Na naɗe komai a leda na nufi Sabon Gari wajen wani dattijon bakanike, na ce, "Baba, a samo mini sabuwa kawai." Ya juya ta a hannu, ya karanta sunan Keihin a jikinta, ya dube ni ya ce, "Yaro, wannan ka jefar, wacce za ka sa a gurbinta? Zauna." Abin da na gani ya yi ranar, na kuma maimaita a kan wasu daga baya, shi zan bayyana.

Sai ka fahimci aikin ƙafar kafin ka taɓa ta. A ƙasan kafireta akwai kofi inda mai ke taruwa. Cikin kofin akwai fulot, wato 'yar balan-balan ta roba ko ta farar tagulla mai yawo a saman mai, tamkar ƙwallon nan na tankin ruwa. Idan mai ya cika, fulot ya taso, ɗan harshen da ke jikinsa ya tura gajeriyar allura mai bakin roba ta toshe hanyar mai. Idan inji ya sha, fulot ya sauka, hanya ta buɗe. Fulot ɗin kuwa yana lilo ne a kan fil, fil ɗin yana zaune a kan ƙafafu biyu da aka zubo tare da jikin kafireta. Ƙafa ɗaya ta karye, fil ya karkace, allura ba za ta ƙara zama daidai a mazauninta ba. Nauyin da ƙafar ke ɗauka bai taka kara ya karya ba. Wahalarta biyu ce: kullum tana cikin fetur, kuma kullum inji na girgiza ta.

Shi ya sa abubuwa biyu da mutane ke fara gudu gare su ba sa aiki. Na farko mai walda. Jikin yawancin waɗannan kafiretocin ba baƙin ƙarfe ba ne, haɗin tutiya ne da alminiyam, kuma mai yawan tutiyar yana narkewa tun zafi bai kai digiri 400 ba, alhali wutar gas ta mai walda ta haura 3,000. Kafin ya ce bismillah ƙafar ta zama ɗigo, mazaunin allura ya lanƙwashe. Na biyu sufa gulu da yashi ko toka, maganin kowace karaya a bakin titi. Yana kamawa nan take, ka ji daɗi, amma gautsi gare shi. Girgiza za ta ɓalle shi, gutsattsarinsa su bi mai su toshe maka jet, wato ɗan sukuru mai siririn rami da mai ke bi ya tafi inji, a tsakiyar hanyar Shika. Abin da Baba ya nuna mini shi ne ƙarfe ke riƙe ƙarfe. Gam aikinsa kawai ya hana motsi.

Kayan aikin ba su da yawa. Sukudireba mai baki huɗu da mai faɗi, sifana lamba 8 da 10, ƙaramar filaya mai dogon baki, samfefa mai laushi, tina ko sifirit na wanke maiƙo, tsohon buroshin haƙori, da faranti mai zurfi don kada ƙananan abubuwa su gangara. Sai bakin huji mai kaurin milimita 1, da 'yar waya mai ƙarfi daidai kaurinsa. Wayar kilif ɗin takarda tana yi, ta tagulla ta fi, gindin karyayyen bakin huji ma ya yi. Sai gam mai haɗi biyu, irin wanda ake matsowa daga tub biyu a cakuɗa. Nemi mai jinkirin bushewa wanda aka rubuta yana jure fetur, irin su J-B Weld na asali. Mai minti huɗu ko biyar ɗin nan da ake sayarwa ko'ina saurinsa ne kawai abin so, a cikin mai yakan yi laushi. Idan ba ka da abin huji ƙarami haka, kada ka ɗauko babban injin huji na kafinta. Je wurin mai gyaran agogo ko maƙerin zinare, hannunsu ya saba da ƙananan abubuwa, suna da na murzawa da yatsu.

Fara da rufe famfon mai na ƙarƙashin tanki. A waje za ka yi aikin, nesa da murhu da mai shan taba da janareta. Akwai ɗan sukuru a gindin kofi, sassauta shi mai ya tsiyaye cikin gwangwani. Zare tiyon mai. Murɗe hular saman kafireta ka zaro silindar totur da doguwar allurarta, ka bar su rataye a jikin waya, amma ka naɗe su da tsumma mai tsabta kada allurar ta lanƙwashe. Sassauta zoben da ke riƙe da robar iska, kwance notuna biyu na ɓangaren inji, kafireta ta fito. Cusa tsumma a bakin injin. A lokacin hunturu a Zariya, minti goma ya isa ƙura ta shiga inda ba a gayyace ta ba.

Sukurorin kofi su ne tarko na farko. Masu laushi ne, kuma bakin sukurun Japan bai yi daidai da sukudirebar kasuwa ɗari bisa ɗari ba, da ka yi sako-sako sai kan ya cinye. Danna da ƙarfi sosai, juya kaɗan. Idan ya ƙi, ɗan ƙwanƙwasa gindin sukudirebar. Wanda kansa ya riga ya lalace, kama shi ta gefe da filaya, ko ka tsaga masa sabon baki da zarton ƙarfe. Ɗaga kofi a hankali don kada gasket, wato abin da ke like bakin kofi da jikin kafireta ya hana yoyo, ya yage, sannan ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire komai.

Ga wanda ƙafarsa ba ta karye ba tukuna, ga yadda ake cire fil ba tare da an shiga halin da na shiga ba. Duba ƙarshensa biyu. Sau da yawa gefe ɗaya ya fi kauri ko yana da zane-zane, ta wannan gefen yake fita, ta can kuma ya shiga. Wasu ma ɗan sukuru ne ke danne shi, ba bugu ake yi ba. Ɗiga masa man birki ko kananzir ka ba shi lokaci. In dole sai an buga, a tokare bayan ƙafar da ɗan noti wanda fil zai faɗa cikin raminsa, noti ya zauna a kan abu mai tauri, ta yadda bugun zai sauka a kan noti ba a kan ƙafa ba. Ni da babu abin da na tokara, ƙafar ce ta sha gudumar gaba ɗaya.

To, ta riga ta karye. Ɗauki guntun ka mayar da shi wurinsa a bushe, ba gam. Karayar irin wannan ƙarfe tana da haƙora, idan ka samu daidai za ka ji ta zauna daram, layin karayar ya kusa ɓacewa. Kada ka goge fuskar karayar da samfefa, waɗannan haƙoran su ne jagoranka. Yanzu dubi inda ta karye, domin shi zai faɗa maka hanyar da za ka bi.

Idan a gindi ko a tsakiya ta karye, ramin fil yana nan lafiya a jikin guntun, turaku za ka sa mata a ciki. Wanke wurin da tina da buroshi, ka sake wankewa, ka shanya a rana har ya bushe ƙarau. Ƙarfen da ya shekara talatin yana shan fetur yana riƙe maiƙo a 'yan ƙofofinsa, kuma gam ba ya kama maiƙo. Mafi yawan gyaran da ya ɓalle, a nan aka yi ha'inci. Bayan wanka kada yatsa ya sake taɓa fuskar karayar.

Kafin huji, juya kafiretar ka bi da ido inda hanyar mai ta bi daga bakin tiyo zuwa mazaunin allura. A wasu kafiretocin tana wucewa dab da gindin ƙafar. Idan ka huda ka faɗa cikinta, ka buɗe wa mai ƙofar da allura ba ta da iko da ita, kuma wannan obafulon ba ya jin magani. Saboda haka kada ramin ya wuce zurfin milimita 3 zuwa 4. Naɗa ɗan salatif a jikin bakin hujin a daidai wannan tsawon, ya zama maka iyaka.

Da bakin allurar ɗinki ka yi ɗan tabo a tsakiyar kututturen da ya rage, don bakin huji ya sami wurin tsayawa. Murza a hankali, a miƙe, kana fitarwa kana busa garin. Bakin milimita 1 kamar tsinken tsintsiya yake, ka matsa masa ya karye a ciki, ka ƙara wa kanka aiki. Dabarar da ta fi burge ni a wurin Baba ita ce ta samun ramin ɗaya gefen. Ya yanki 'yar guntuwar waya ya sa a ramin farko, kanta ya ɗan leƙo kamar kan allura, ya shafa mata tawadar biro, ya ɗora guntun ƙafar a mazauninsa ya danna. Da ya ɗaga, ga ɗigon tawada a daidai inda zai huda. A guntun, ramin ya tsaya kafin ya iso ramin fil. Riƙe guntun da filaya da ka naɗe bakinta da tsumma, kada ka matse shi ya fashe.

Yanke turakun waya daidai zurfin ramukan biyu, ka rage kaɗan. Kankare jikinta da samfefa ta yi kaushi. Haɗa a bushe ka gani. Idan guntun ya ƙi zama har ƙasa, waya ta yi tsawo, rage ta. Idan ya zauna a karkace, ɗan faɗaɗa rami ɗaya, gam zai cike gurbin. Kada ka kwaɓa gam sai ka ga layin karaya ya haɗe.

Nan ne wurin da gyaran ke yin kyau ko ya lalace. Kwaɓa gam daidai wa daida daga tub biyun har launinsa ya zama ɗaya. Da tsinken sakace ka cusa kaɗan a ramukan, ka shafa siriri a fuskar karaya, ka sa waya, ka ɗora guntun. Nan take, tun gam na ɗanye, ka zura fil ɗin fulot ya ratsa ƙafafun biyu, ba tare da fulot ba. Shafa wa fil ɗin ɗan man baselin tukuna don kada gam ya kama shi. Fil ɗin shi ne magwajinka: muddin ya ratsa ramukan biyu yana juyawa da yatsa, ƙafar tana kan layi. Idan ka bari gam ya bushe ba fil a ciki, ko da gashin kai ɗaya ta kauce, ranar da ka zo zura shi za ka sake karya ta. Zagaya gindin ƙafar da ɗan gam kamar yadda magini ke yi wa gindin katanga, amma ta waje. Ta ciki, inda hannun fulot ke lilo, goge duk abin da ya tsattsafo. Ko ɗigo kada ya kusanci mazaunin allura. Ɗaure da robar kuɗi, ka ajiye inda yara ba sa kaiwa.

Sauran gam da ya rage a kan kwali kada ka zubar. Dunƙula shi a kan tsinken ashana ka ajiye tare da kafiretar. Bayan awa 24, jefa wannan tsinken cikin kwalbar fetur mai murfi ya kwana ya yini. Ciro shi ka danna da farce. Idan yana nan da taurinsa, gam ɗinka na gaske ne. Idan ya yi laushi kamar cingam, gara ka sani yanzu da ka sani a Kwangila cikin cunkoso. Na san mai babur ɗaya tilo, musamman ɗan acaba, kwana biyu ba hawa ba ƙaramin abu ba ne. Ari kafiretar wani ko ka haƙura. Baba cewa ya yi da ni, "Jibi ka dawo, in ka zo gobe ba zan ba ka ba."

Idan kuwa a saman ta karye, wato bakin ramin fil ne ya ɓalle ya bar rabin rami kamar kwarin sirdi, aikin ya fi sauƙi, gam ma ba dole ba ne. Huda rami a kwance ta jikin ƙafar, milimita 2 ko 3 ƙasa da inda fil ke kwanciya. Sa fulot da allura da fil a wurinsu, zura siririyar waya marar tsatsa ta ramin, ka zagayo da ita ta saman fil, ka murɗe bakin biyu da filaya har fil ya kwanta ba ya motsi. Yanke saura ka lanƙwasa shi waje, nesa da fulot. Silin wayar birkin keke yana yi. Ka tuna duk ranar da za ka cire fulot sai ka yanke wayar ka sa sabuwa.

Idan guntun ya ɓata gaba ɗaya, ana iya lanƙwasa ɗan falle na tagulla a yi masa rami a ɗaure shi da kututturen, amma wannan aikin maƙeri ne. Ni a nan shawarata ka zaga wurin masu tsofaffin kayan babur ka nemi gangar jiki irin taka, ka mayar da jet da allurarka a ciki.

Gam ya bushe, sai haɗawa. Tunda kafireta na buɗe, kwance jet biyun, babba da ƙaramin na sulo, wato aikin inji a tsaye ba a murɗa totur ba, ka ɗaga su saitin rana. Ramin ya fito zagaye tas. Wanda ya toshe, jiƙa shi a fetur ka bi shi da sili ɗaya na wayar wuta ta jan ƙarfe, wadda ta fi jet laushi. Allurar ɗinki tana faɗaɗa ramin, babur ya koma shan mai har abada. Kai gangar jikin wurin mai faci ya busa mata iska ta kowace ƙofa. Dubi bakin robar gajeriyar allura. Idan ya yi zobe kamar an ɗaure shi da zare, canza ta, domin wataƙila ita ce asalin obafulon da ya sa ka buɗe tun farko. Girgiza fulot kusa da kunne. Ka ji motsin ruwa, ya huje. Na roba sai sabo. Na tagulla ana like shi da dalma, amma sai an fitar da man ciki ya bushe sarai kafin wuta ta kusance shi.

Wajen mayar da fil, guduma ta gama aiki a wannan kafiretar. Idan ya cije, murza shi cikin samfefa har ya shiga da turin yatsa. A yawancinsu bangon kofi ne ke tare fil ta gefe biyu idan an rufe, ba inda za shi. Ɗora kofin ka tabbatar naka haka yake. Taɓa fulot da yatsa, ya tashi ya faɗi da nauyin kansa ba tare da ya maƙale ba.

Sai tsayin mai. Karkata kafiretar har harshen fulot ya taɓa ɗan tsinin da ke bayan allura ba tare da ya danne shi ba. A yawancin ƙananan babura, a wannan matsayi layin tsakiyar fulot yana tafiya daidai da bakin da gasket ke zama. In harshen na ƙarfe ne, ana lanƙwasa shi kaɗan-kaɗan a gyara. Na roba zalla ba ya lanƙwasuwa. Gwaji mai sauƙi: sa tiyo mai tsabta a bakin shigar mai ka busa. Kafireta a tsaye iska ta wuce, ka kifa ta iska ta tsaya cak. In ta wuce a kife, allura ba ta rufewa, kada ka ɗaura.

Mayar da komai yadda ka cire. Silindar totur tana da tsaga a gefe da ke bin wani ɗan tsini a ciki, idan ba ta faɗa har ƙasa ba, da ka buga kik injin zai yi ihu kamar zai tashi sama. Murɗa totur ka saki, ka ji ta koma da ɗan ƙara. Buɗe famfon mai ka jira minti biyar kana kallon tiyon ƙasan kofi, inda mai ke zubowa in an yi obafulo. In kana son ganin tsayin man da idonka, sa farin tiyo a bakin magudanar kofi, ka lanƙwaso shi sama a jikin kafireta, ka sassauta sukurun gindi. Mai zai hau ya tsaya a kusa da layin gasket ko ƙasa da shi kaɗan. In ya wuce yana ta hawa, koma ciki.

Tayar da inji ya yi zafi. Ɗan sukurun haɗin iska da mai, mayar da shi ciki a hankali har ya taɓa, kada ka matse, sannan ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi. Daga nan juya kwata-kwata, ciki ko waje, kana saurare, ka tsaya inda sulo ya fi tashi da daidaito, sannan ka sauke shi da babban sukurun sulo. Bayan tafiyar kwana biyu cire fulogi. Launin shayi da madara shi ake so. Baƙi mai gawayi mai ya yi yawa, fari fat kuma ya yi kaɗan, wannan ya fi haɗari ga inji.

Akwai inda ba na ɓata lokaci. In tsagewar ta gangara har mazaunin allura, ko silindar totur tana kaɗawa a raminta saboda cinyewa, kafiretar ta gama yi maka hidima. Ɗauke ta ka tafi da ita kasuwa a hannu, a gwada tazarar ramukan noti da faɗin baki da irin cok ɗin. Za ka ga an rubuta PZ19 ko PZ26 ko PZ27 a jikin kwalayen 'yan China. Ba ruwansu da unguwar PZ ɗinmu ta Sabon Gari, lambar faɗin maƙogwaron ce a milimita: 19 na ƙananan roba-roba, 26 da 27 na masu injin 125 da 150. Ko ka sayi sabuwar, adana tsofaffin jet ɗinka, sau da yawa sun fi waɗanda ke zuwa a ciki dacewa da injinka.

Daren farko shimfiɗa kwali a ƙarƙashin babur ka bar famfon mai a buɗe da gangan, a tsakar gida ba a ɗaki ba, da safe ka duba ko akwai tabo. Bayan mako guda sake buɗe kofi, ka taɓa ƙafar da bakin sukudireba, ka duba ko gam ya canza launi ko ya fara ɓarewa. Sa ƙaramar filta a tiyon mai, musamman in kana sha a wurin 'yan bumburutu, domin tsatsar tsohon tanki da dattin jarka su ke maƙalewa a bakin allura su sa a yi ta buɗe kofi ana taɓa fil. Daga ranar kuma, duk inda ka kashe babur, hannunka ya sauka kan famfon mai kafin ka zare makulli.